Kalandar da Babu Asabar

Tun da aka tsamo gawar Salim, ɗan maƙwabciyarta Barira, daga bakin kwalbati a bara, Sa'a ba ta ƙara jin ƙarar ruwa hankalinta ya zauna ba. Ko buta ce ta tuntsure a tsakar gida, sai ta ɗaga kai ta nemi inda 'yarta take.

Gidansu ne na ƙarshe a unguwar. Daga shi sai bishiyar mangwaro, daga mangwaron sai kanal, hanyar ruwan siminti da ke shayar da gonakin tumatir na wannan yankin Kura. Makarantar allo ta Malam Abdussalam tana tsallake, idan iska ta juyo har karatun yara ake jiyowa. Ranar da babu ruwa, yara sukan gangara ta gindin mangwaron inda simintin ya farfashe, su bi ta cikin kanal ɗin a bushe har kusa da kwalbati, inda aka kafa ƙarafa a bango kamar tsani, su haye. Ranar ruwa kuwa dole a zaga ta gada, a bi bakin titin da motocin tumatir ke sheƙa gudu kamar ba su da birki. Ba a sakin yarinya 'yar shekara biyar ita kaɗai a wannan titin. Sai Sa'a ta ajiye wuƙar yankan kauɗa, ta goya jaririnta Fatihu, ta zura hijabi, ta riƙe hannun 'yarta Ni'ima har ƙofar makaranta. Kafin ta dawo awaki sun gama da rabin tumatirin da ta shanya.

Da can abin da sauƙi, ranakun ruwa ba sa canzawa, ko makaho ya san su. Bana aka shiga gyaran babban kanal, ruwan ya koma karɓa-karɓa. Kowane mako shugaban ƙungiyar manoma ke turo saƙon murya, maigidanta Badaruddeen ya faɗa mata ranakun yana ɗaure kaya a babur, rabin maganar injin ya cinye. Wata safiya har ta saka wa Ni'ima takalmi ta ce ta bi yara, sai ta ga mutane suna wucewa da bututun zuƙo ruwa a kafaɗa. Ta fizgo yarinyar daga bakin zaure da ƙarfin da ya sa ta kuka. 

Shi ya sa da Badaruddeen ya canza waya ya bar mata tsohuwar, mai tsagewa a kusurwa, ta jira ƙanwarsa Rukayya ta zo hutun ƙarshen mako daga makarantarsu ta Kano.

Rukayya ta miƙe ƙafa a tabarma tana juya wayar. "To matar Yaya, me za a loda miki? Fim ko waƙa?"

"Abin da zai riƙa tuna min ranar ruwa."

"Kalanda ke nan. Ga wata can a bango, ta masu taki."

"Waccan ba ta magana. Ni mai magana nake so, wadda ko na manta ita ba za ta manta ba."

"Manhaja kike nufi. Zauna mu zaɓa, suna da yawa kamar kwandunan tumatir a kasuwar Kwanar Gafan."

Sa'a ta goge hannu a zani ta matso. Ta farko wata guda take nunawa gaba ɗaya, lambobi ƙanana cunkus.

"Wannan kamar an watsa gero a faranti," in ji Sa'a. "Ni ba wata nake nema ba, mako nake nema. Ruwan mako-mako yake canzawa."

Ta biyu tana buɗewa wani ƙato ya bayyana yana ihu da Turanci a kan cacar ƙwallo. Fatihu ya firgita ya fashe da kuka.

"A'uzubillahi! Fitar min da wannan mutumin daga gida."

Rukayya tana dariya har da riƙe ciki. "Talla ce fa. Kuma sai da data take aiki."

"Ranar da babu data sai ruwan ya jira ni?"

Ta uku ta fi kama da abin arziki. Mako guda take nunawa, kowace rana da gidanta, har da kwanan watan Musulunci a ƙasa. Amma gidajen sirara ne, tsagewar gilashin ta bi ta kan ɗaya, kuma da Rukayya ta gwada ƙararrawar sai aka ji wani ɗan siririn sauti kamar kukan ɗan tsako.

"Ina daka, ko ina bakin murhu, wa zai ji wannan?"

"To ga ta huɗu. Wannan 'yan ofis ke amfani da ita."

Sa'a ta karɓa ta duba. Rubutun manya-manya, gidajen faffaɗa, ko daga nesa ana karantawa. Rukayya ta taɓa wani wuri, wayar ta saki ƙara kamar hon ɗin tirela. Kaji suka watse. Daga bayan katanga Barira ta ce, "Lafiya, Sa'a?"

"Lafiya lau, Yaya Barira, waya ce."

Sa'a ta sa yatsa tana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, domin ba ta sayen abu ba ta juya shi ba. "Litinin, Talata... Ina Asabar? Ina Lahadi?"

"Suna nan a gefe, sai kin ja da yatsa. Su masu ita a wurinsu wikend ne, ba aiki. Shi ya sa sauran suka samu fili suka yi girma."

Sa'a ta yi lissafi a ranta. A makarantar allo Alhamis da Juma'a ne hutu, Asabar ce ma farkon mako. Amma tun da aka kawo ta unguwar nan ba ta taɓa ganin an saki ruwa Asabar ko Lahadi ba, masu buɗe ƙofar ruwan su ma ma'aikata ne, gida suke tafiya.

"Ba ta cin data?"

"Ko ɗigo."

"Bar min ita."

"Me zan rubuta a ranar? Ni'ima, gada?"

"Rubuta ruwa kawai."

Rukayya ta kalle ta ta gefen ido. "Wai har a cikin waya ma ba za ki yarda da sunan ba? Matar Yaya, zamani ya wuce nan. Ce Ni'ima. Ni-i-ma. Ba wanda zai ji."

Ni'ima 'yar fari ce, kuma a gidan su Sa'a uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayansu ba har ya yi gemu. Ita ma tun ranar suna, daga "ke" sai "yarinyar nan".

Ni'ima, wadda ke gefe tana jera murafen kwalba, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Anti, Umma ba ta san sunana ba."

Rukayya ta faɗi a tabarma don dariya. Sa'a ta jefe ta da ruɓaɓɓen tumatir.

Abin ya yi aiki. Duk Lahadi Sa'a takan tsare Badaruddeen kafin ya tayar da babur, ta sa ya sake kunna saƙon shugaban ƙungiya, ta saurara da kunnenta, ta shigar da ranakun. Ranar ruwa tun ana shan koko hon ɗin zai tashi, ta goya Fatihu su bi gada. Ranar da wayar ta yi shiru sai ta duba fuskar wayar, ta ga gidan ranar fari fes, ta raka Ni'ima bakin zaure ta haɗa ta da yaran unguwa.  Ta daina farkawa tana tambayar kanta yau wace rana. Wayar ta ɗauke mata wannan kayan, ita kuma ta sakar mata shi gaba ɗaya.

Da zafi ya tsananta, tumatir ya fara zubar da fure, manoma suka yi ta kai kuka. A saƙon wannan Lahadin shugaban ya ce an ƙara musu rana guda, an roƙi masu ƙofa za su fito ranar Asabar su saki ruwa da safe. Sa'a ta ja fuskar wayar gefe kamar yadda Rukayya ta nuna mata, ta samu Asabar a maƙale, ta rubuta ruwa, ta ajiye. Da ta saki yatsa, gidajen nan biyar suka dawo suka rufe ta.

Makon ya zo da wahala. Fatihu ya fara haƙori, zazzaɓi da gudawa, ba ya yarda a sauke shi. Kauɗar da ta shanya ta jiƙe da raɓa sai da ta sake bazawa. Ranar Juma'a bayan masallaci Badaruddeen ya bi motar tumatirinsa zuwa kasuwar Kwanar Gafan, ya ce sai an sayar zai dawo.

Ranar Asabar gari ya waye wayar ba ta ce komai ba. Sa'a ta ɗauka ta duba don ta tabbatar. Manhajar ta riga ta tsallaka zuwa mako mai zuwa, gidaje biyar farare tas. Ta ɗaura wa Ni'ima ɗan hijabinta ruwan toka, ta miƙa mata allonta. Ranar Laraba Malam ya sa aka yi mata sabon rubutu, yarinyar sai rungume shi take kamar jariri.

"Ke, ban da wasa a hanya. Ki bi manyan yaran, su Sagiru, kina ji?"

"To, Umma."

Ta tsaya a zaure har hijabin ya ɓace a bayan mangwaro, sannan ta koma ta zuba ruwa a baho za ta wanke Fatihu.

Ta saɓa masa sabulu ke nan wayar ta yi ƙara, kira ne. Ta danna da gwiwar yatsa. Hayaniyar kasuwa ta cika tsakar gidan.

"Sa'a, kina ji na? Ki aika gidan Isiyaku mai yi min ban ruwa ya kai bututu gona, wayarsa ba ta shiga. Yanzu mai ƙofa ya ce min ya buɗe tun ɗazu."

"Ya buɗe me?"

"Ruwa mana. Yau ba Asabar ba ce? Ba tare muka ji saƙon ba?"

Ba ta san ta saki wayar ba sai da ta ji ta faɗa gefen baho. Muryarsa tana ta fita, "Sa'a? Sa'a?" Ta sunkuci Fatihu da kumfarsa, ta fita ba takalmi, ba hijabi, ɗankwalinta ma a igiya ta bar shi. Ƙofar Barira a buɗe take, tana tankaɗe a bakin ɗaki. Sa'a ta dangwara mata yaron a cinya.

"An saki ruwa. Tana ciki."

Barira ba ta tambayi wace ce ba. Rariyar ta faɗi, garin ya watse. "Je ki," ta ce. "Je ki!"

Tsakuwa tana yankar tafin ƙafarta ba ta ji. Ta isa gindin mangwaro ta leƙa. Ƙasan kanal ɗin a bushe yake, fari, da sawun ƙananan takalma a cikin ƙura. Numfashi ya fara dawo mata. Sai ta juya hagu.

Yana tahowa. Ba shi da tsayi, ba shi da ƙara mai yawa, wani harshe ne ruwan ƙasa-ƙasa yana lasar siminti, ya turo tarkace a gaba: karan masara, ledojin ruwa, kumfa mai datti, wani mataccen ɓera yana juyawa. Bayansa kuwa ruwan ya cika bango zuwa bango, yana hawa kan kansa. Ta san shi. Haka Barira ta ce mutane sun ba ta labari, da farko iya idon sawu, kafin ka ce me ya kai gwiwa, simintin ya koma santsi kamar an shafa masa karkashi.

Ta juya dama. Can ƙasa, kusa da baƙin ramin kwalbati, yara ne birjik. Asabar babu boko, kowa ya fito allo, kuma ba wanda ke sauri. Wasu na tsere, wasu sun durƙusa a wani ɗan kududdufi da ya rage.

Ta bi gaɓar kanal ɗin da gudu, ƙaya na kama zaninta. Ruwan yana gefenta, kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya.

"Ku fita! Ruwa! Ku fita, ruwa ya taho!"

Manyan ne suka fara ji. Sagiru ya ɗaga kai, ya ga abin da ke tahowa, ya kwarma ihu. Suka ruga ƙarafan nan gaba ɗaya, suna turereniya, wannan na taka hannun wancan. Sa'a tana gudu tana duba hijabai. Shuɗi. Fari. Baƙi. Fari.

Ruwan toka yana can gefe guda, nesa da ƙarafan. Ta juya baya, ta tsuguna, allo a hammata, tana tono wani abu da tsinke a tsagar siminti.

"Ke! Ke yarinya! Ke!"

'Yan mata uku suka waiwayo daga kan ƙarafa. Ita ba ta motsa ba. A cikin wannan ihun kowace yarinya "ke" ce.

Harshen ruwan ya wuce Sa'a.

"Ni'ima!" Muryar ta fita a tsage, kamar ba tata ba. "Ni'imatullahi!"

Yarinyar ta daskare. Ta juyo a hankali, baki buɗe, tana neman wanda ya kira ta da muryar Umma. Da ta hango uwarta a saman gaɓa, kai ba ɗankwali, sai ta miƙe tsaye tana kallonta kawai. A haka ruwan ya same ta. Ya daki ƙafafunta, takalmi ɗaya ya tafi, ta dafe bango.

Sa'a ta kwanta rub da ciki a bakin simintin ta miƙa hannu. Bai kai ba. Tsakanin yatsunta da kan yarinyar akwai kusan kamu biyu.

"Miƙo hannu! Duka biyun! Saki allon!"

"Umma, da rubutu a jiki!"

"Na ce ki sake shi!"

"Malam ya ce ba a yar da shi a ƙasa!" Ta fara kuka, ta ƙara ƙanƙame shi. Ruwan ya wuce gwiwarta, ya ɗaga hijabin yana ja.

Sa'a ta yunƙura ta tashi zaune. Ta juya ƙafafunta ta zame a kan bangon, simintin ya ɗaye mata fatar cinya, ta faɗa ciki. Sanyin ya soke ta. Ƙafarta ta taɓa ƙasa ta zame, ta sake dasawa. A daidai lokacin ruwan ya ɗauke ƙafafun Ni'ima, ta tafi da baya, fuskarta ta nutse. Sa'a ta cafko hijabin, ta naɗe shi a hannu, ta jawo, ta samu damtse, ta ɗago ta ta manna a ƙirji. Yarinyar tana tari, ruwa na fita ta hanci. Allon ya suɓuce, ya juya sau ɗaya a kan ruwan, rubutun yana narkewa, ya nufi kwalbati.

Sa'a ta gwada hawa bangon. Hannu ɗaya, ga santsi, ga nauyin yarinya. Ta zamo. Ta sake gwadawa, farcenta ya karye, ta zamo. Ruwan ya kai mata cinya, kuma ba tsayawa yake ba, tura ta yake, taku bayan taku, zuwa inda allon ya tafi. Yanzu tana jin kwalbatin. Wani irin sauti yake yi, kamar babban maƙogwaro yana haɗiya.

Ƙarafan suna tsakaninta da ramin. Idan ta wuce su, babu wani abin kamawa.

"Riƙe wuyana. Riƙe da ƙarfi, ko na ce wayyo kar ki saki."

Ta daina faɗa da ruwan. Ta jingina kafaɗa da bangon tsallake, ta bar shi yana jan ta a hankali, ƙafa na jan ƙasa, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, rabi-rabi, ba ta ƙarasa ko ɗaya. Yaran da suka haye suna sama suna ihu. Ƙarfen farko ya zo, ta kai hannu, ya goge yatsunta ya wuce. Ta jefa hannun gaba ɗaya ta saƙala gwiwar hannu a na kusa da shi. Kafaɗarta ta yi ƙara. Ruwan ya ɗebe ƙafafunta ya miƙar da su wajen ramin, zaninta yana kaɗawa a ciki.

Ta riƙe. Amma hawa ba zai yiwu ba. Hannu ɗaya na ƙarfe, ɗaya na Ni'ima, kuma na ƙarfen ya fara mutuwa.

"Sagiru! Ku kira babba! Ku kira wani!"

Inuwa ta rufe ta. Ta ɗaga ido. Barira ce, ta zago ta kan kwalbatin, ta bi siririn bakin simintin da ko maza ba sa bi, Fatihu ɗaure a bayanta tsirara. Barira wadda tun bara ko hanyar nan ba ta kallo. Ta kwanta, ta zuro rabin jikinta, ta ce wa yaran, "Ku danne min ƙafafu. Ku duka!"

Hannunta, fari da garin tuwo, ya sauko.

"Ba ni ita."

"Ta ƙi sakin wuyana."

"Ni'ima, 'yar albarka, kalle ni. Ni ce. Kawo hannu ɗaya. Yawwa. Ɗaya kawai."

Sa'a ta ji ƙananan yatsun suna barin wuyanta ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da ita ta ce a yi, sai da ta ji kamar ta hana. Nauyin ya bar ƙirjinta. Ta ga tafin ƙafar yarinyar, ɗaya da takalmi ɗaya babu, suna hawa sama suna shure iska, suka ɓace a bayan gaɓa.

Da hannu biyu ta kama ƙarfen. Ba ta san yadda ta hau ba.

A sama ta tarar Barira ta zauna dirshan a ƙasa, ta rungume Ni'ima, tana jijjiga ta gaba da baya, idonta a kan bakin kwalbatin. Sa'a ta durƙusa ta shafa yarinyar tun daga kai har ƙafa, ta buɗe bakinta, ta duba kunnuwa, ta sa kunne a ƙirjinta. Sai a lokacin ta tuna kanta a buɗe yake, ga Malam Abdussalam ya taho da gudu da mutane a bayansa. Barira ta warware mayafinta ta yafa mata.

"Umma," in ji Ni'ima tana rawar sanyi, "allona."

Malam ya tsuguna yana haki. "Bar shi, Ni'imatu. Ruwa ya wanke, ba laifinki. Zan sa a sassaƙa miki wani."

Kafin azahar Badaruddeen ya iso, ya baro tumatirinsa a hannun wani. Ya ɗauki 'yarsa ya kasa sauke ta, yana ta zagaya tsakar gida da ita. La'asar ta yi sai ga Rukayya, an kira ta ta taso daga Kano, ta shigo ba sallama ba wasa.

Sa'a na zaune a bakin ɗaki, an shafa mata magani a cinya, hannun dama ba ya ɗaguwa. Wayar tana gabanta, ta sha ruwan sabulu amma tana aiki. Ta ja fuskar gefe da yatsan hagu. Ga Asabar nan, a dushe. Ga ruwa da ta rubuta. A kusa da shi akwai ɗan hoton ƙararrawa an ja masa layi.

"Mene ne wannan?"

Rukayya ta karɓa, ta shiga nan ta fita can, ta daɗe. Da ta yi magana muryarta ƙasa-ƙasa take. "An saita ta kar ta dami mutum ranakun hutu. Haka take zuwa. Wallahi matar Yaya ban gani ba. Zan iya gyarawa yanzu, in kunna..."

"Cire ta."

"Minti ɗaya ne fa, in na..."

"Wanda ya yi ta bai san ana sakin ruwa ranar Asabar ba. Ban san me kuma bai sani ba. Cire ta, ki mayar min da mai kukan tsakon."

Rukayya ta mayar. Sa'a ta bi gidajen da yatsa, a bayyane, tun daga Asabar har Juma'a, ta sake bi daga Juma'a ta dawo. Tsagewar gilashi ta rufe rabin Laraba, ta karkata wayar har ta gani. Sannan ta sa Rukayya ta saka ƙararrawa a kowace rana, su gwada ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda an tsallake ko guda ba. Duk sun yi kuka, amma kukan bai wuce tabarma ba.

Ta dubi tsakar gidan. "Miƙo min kwanon shan can. Babban."

Ta saka wayar a ciki ta ce a sake gwadawa. Kwanon ya ɗauki ƙarar ya kaɗa ta, ta fito da kauri kamar ana buga faranti. Daga bayan katanga Barira ta ce, "Na ji."

Washegari Lahadi kwanon bai yi kuka ba. Sa'a ta duba, gidan Lahadi fari ne. Ta sa Badaruddeen ya kira mai ƙofa, ya ce a rufe take tun jiya da yamma. Ta taka har gindin mangwaro da kanta, tana ɗingishi, ta leƙa. Ruwan ya janye, saura laka da ledoji, yaran unguwa har sun fara gangarawa.

Ta dawo ta goya Fatihu da taimakon Rukayya, ta zura hijabi.

"Ba ruwa fa yau," in ji Badaruddeen a hankali.

"Na sani."

"Kauɗarki fa? Awaki..."

"Su ci."

Ta kama hannun Ni'ima da na hagu suka fita, suka juya wa mangwaron baya, suka nufi titi. Wata motar tumatir ta wuce da gudu, iskarta ta kaɗa musu hijabi. Sa'a ta mayar da yarinyar ɓangaren da ba na titi ba, ta ƙara matse yatsunta.

Sun kusa gada Ni'ima ta ɗago kai.

"Umma."

"Na'am."

"Ƙara faɗa."

"Me?"

"Sunana. Irin na jiya."

Sa'a ta dubi gaba, ta dubi baya. Ba kowa a kusa sai wani mai babur can nesa. Ta buɗe baki, ta rufe.

"Ke, kalli gabanki," ta ce. "Ga rami nan."